Kada Ki Gyara Min Hoton

Tudun Wada, Zariya
Ranar Laraba, da hantsi

Ummi, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Yola lafiya, ya huce miki gajiyar hanya. Allah ya haɗa ki da shugabanni masu tausayi da abokan aiki na kirki, ya tsare ki a ɗakinki da kan hanyarki, ya sa albarka a wannan karatun hoto da kika je ƙarowa a kan likitancinki.

Na san za ki yi dariya da ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Ni a waya ba na iya magana. Da zarar kin ce "Baba, ya jiki?" bakina ya riga ni, ya ce "da sauƙi," sai mu koma zancen ruwan sama da tsadar tumatir har katin ya ƙare. Takarda kuwa tana da haƙuri, tana jira in nemo abin da nake son faɗi.

A cikin ambulan ɗin nan da direba zai miƙa miki akwai faifai. Hoton cikin kaina ne, irin wanda kuke kira Em-Ar-Ai. An ɗauke shi tun kafin ki tafi. Ban faɗa miki ba, don na san halinki, da kin ji da kin kwance jakarki kin ce Yola ta jira. Likitan da ya duba bai gaya min abin da ya gani ba, ke nake so ki gaya min. Amma kada ki sa shi a kwamfuta tukuna. Ki zauna ki gama karanta surutun tsoho.

Abin ya faro ne a wani suna da aka kira ni a Hanwa. Na jera mutane yadda na saba, dogaye a baya, yara a ƙasa, na ɗauka. Da na wanko hoton, sai ga mutum biyu na gefen hagu babu su, sai kafaɗar ɗaya da bakin mayafi. Ɗayarsu kuma kakar jaririn ce. Tunda nake riƙe kyamara ban taɓa yanke mutum a gefe ba, ko ina yaron shago. Daga nan na lura ina karo da ƙyauren hagu, hannun hagun ma yana sakin kofi ba da izinina ba. Kin ga na ranar da shayi ya zube min a riga, kika tsare ni da ido, na ce miki kofin ne ke da santsi.

Ban san aikinki ba, Ummi, kuma ba zan yi miki shisshigi ba. Amma mutanen layinmu sun riga sun haɗa mu. Malam Tanko tela, da shagonsa ke jikin nawa, kullum cewa yake, "Iro mai hoto ya haifi mai hoto, sai dai ita ta ciki take ɗauka." To tunda sunan sana'ar ɗaya ne, bari in ba ki abin da na tsinta a tawa, yawancinsa kuwa da tuntuɓe na tsince shi.

Lokacin da na buɗe shagon nan, abin da nake taƙama da shi gyaran hoto ne. Ina ɗora dodon hoto a kan gilashi, fitila a ƙasa, in fiƙe fensir kamar allura, in bi fuska a hankali. Ƙuraje su ɓace, tabo ya ɓace, tsohuwa ta koma sabon jini. Ɗaliban jami'a na harabar Kongo har layi suke yi. Wata rana wani dattijo Bagobiri ya zo, ya ce yana son hoton da zai bar wa jikoki. Fuskarsa cike da zane, tun daga gefen baki har kunne. Ni da iyayina na zauna na lallashe zanen nan da fensir har kuncin ya yi sumul. Da ya dawo karɓa, ya riƙe hoton nesa, ya kawo shi kusa, ya ce, "Yaro, wannan ɗan gidan wane ne?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya ce, "To ina Gobir ɗin?"

Ya ajiye min abina a kan tebur, ya koma kan kujera, ya gyara hularsa, ya ce a sake. Ni a zatona alheri na yi masa, ashe gidansu na goge. Ke ma za a kawo miki hotunan da ranki zai so ya lallashe su, musamman in mai hoton yaro ne, ko kin ga matarsa a bakin ƙofa da goyo. Abin da kika gani shi za ki rubuta, kada ki rage don tausayi, kada ki ƙara don a ce kin iya. In kuma ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ki kai wa na gaba da ke ya duba.

Wani kuskuren nawa ke ma kin sha jin sa a bakin mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, sai dai kullum ɓangaren dariyar take ba ki. Muna sabon aure ta yi tari mai naci, likita ya ce a je a yi mata hoto. Matar mai hoto ce fa, ta san abin da ake nufi da hoto. Da safe ta yi wanka, ta rangaɗa kwalli, ta ɗauro atamfarta ta lefe, ga sarƙa, ga 'yan kunne, ga awarwaro har gwiwar hannu. Ni na san eksire za a yi, na kuma san abin da ke jiranta, amma na ja bakina na yi shiru don in samu abin tsokana. Muka isa, wani ƙato ya miƙo mata riga mai tsage a baya, ko kallonta bai yi ba, ya ce, "A cire komai, har sarƙa." Ta shiga. Da ta fito, kwallin ya gangaro har haɓa. Sai da muka zo bakin gida sannan ta ce, "Malam, ka sani, ka bar ni?" Dariyar da na tanada ban samu inda zan yi ta ba.

Don haka, mutumin da aka turo miki, ki ɗauka bai san komai ba sai abin da kika faɗa masa. Wata daga ƙauye ta taso tun asuba, kalmar hoto kawai aka ba ta. Ki gaya mata abin da za a cire da dalilinsa tun kafin a miƙa mata riga. Ki rufe inda ba a buƙata. Kafin hannunki ya taɓa jikin mutum, bakinki ya fara isa. Ko man nan da kuke shafawa a ciki in za a yi sikanin, ki ce mata yana da sanyi, don na ga yadda Hajiya mahaifiyarki ta zabura ranar da aka fara shafa mata.

Ranar ce aka fara ɗaukar ki hoto, kina cikinta, kuma ba ni na ɗauka ba. Har yau abin yana ɗan yi min ciwo. Aka nuna min allo yana ta yayyafi kamar talabijin ɗin da ba ta kama tasha ba, aka ce ga kai, ga ƙafa, ga zuciya tana bugawa. Na ce a raina, in ni na wanko wa mutum irin wannan, sai ya jefe ni da shi. Amma na kasa ɗauke ido daga ɗan ɗigon nan mai motsi. A lokacin eksire ma da ruwan magani ake wanke shi a ɗakin duhu kamar nawa, warin ɗaya ne, a rataye shi ya bushe, likita ya ɗaga shi saitin taga. Yanzu ga shi an yanka kan mutum falle-falle ba a taɓa shi da wuƙa ba, an zuba a faifan da bai kai murfin kwano ba. Na'ura ta yi nisa ƙwarai. Mu masu kai labarin abin da ta gani, ina jin muna nan inda aka bar mu.

Wannan shi ne abin da na zauna rubutawa, sauran duk kewaye ne. Kina jami'a lokacin da ciwon Hajiya ya yi tsanani, aka yi mata hoton ciki na siti-sikan. Likita ya yafito ni baranda, ita tana zaune a kan benci can gefe tana gyara ɗankwali. Ya ce daji ne a hanta, kuma ya bazu. Ya ce, "Kai ne mijinta, ka san yadda za ka yi da ita." Na dawo, ta ɗago ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce da sauƙi. Gyambon ciki ne, sai a kiyaye yaji."

Ke kin san na ɓoye mata, don ke na kira na gaya miki. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda zaman ya kasance. Watanni muka yi a ɗaki ɗaya, ni ina ɗauke da abin a ƙirjina, ina shiga ɗakin duhu in yi kukana in wanke fuska in fito. Duk wanda ya zo dubiya ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi, in ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi. Muna kwana muna tashi, amma kamar akwai katanga a tsakiyar gado. In ta fara wata magana mai nauyi, sai in yi maza in ce, "Bari sai kin warke." Sai ta yi murmushi ta bari.

Wata la'asar, ƙarfi ya riga ya ƙare, ina ba ta kunu da cokali, ta kau da kai ta ce, "Malam, kai da kake gyara fuskokin mutane, taka ba ta gyaruwa. Tun a barandar asibiti na gani."

Na ajiye kofin. Na ce, "Hajiya, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na ga kana shan wahalar ɓoyewa, na ce bari in taya ka."

Bayan wannan ba mu samu kwanaki da yawa ba, kuma yawancinsu barci take yi. Ta so ta je Ikara ta ga yayarta tun ƙafa tana ɗaukarta. Ta so ta raba zannuwanta da hannunta. Akwai maganganun da ta tanadar miki, na ga alamarsu a bakinta, na tare su da "sai kin warke." Na bar ta ita kaɗai da mutuwarta, ita ma ta bar ni ni kaɗai da ita, kowa yana ganin tausayin ɗan'uwansa yake yi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, ko yanzu da gidan ya zama ni ɗaya.

Ban ce "da sauƙi" mugun abu ba ne. Gaisuwa ce, addu'a ce, kuma mutum ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mai dubiya. Amma in marar lafiya ya dube ki ya ce me kika gani, ba gaisuwa yake nema ba. Akwai wanda ba ya son ji, wannan haƙƙinsa ne, ki bar shi. Sai dai ki tambaye shi shi kansa, kada ki tambayi baranda. Ki ja kujera ki zauna daidai da shi, ki ce, "Baba, kana so in gaya maka, ko akwai wanda kake so ya fara ji?" Za ki sha mamakin yawan tsofaffin da suka riga ki sani, jira kawai suke wani ya taya su riƙewa.

Bari in ba ki labarin ranar tawa. Ni kaɗai na hau Keke Napep na tafi asibiti ɗaukar hoton, na ce wa Malam Tanko kayan aiki zan sayo. Wata yarinya ce ke kula da na'urar, ba za ta girme ki ba. Ta tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina. Na zube makullai da zobe da agogo, na cire hula, sannan na tuna da haƙorin Makka, na buɗe mata baki kamar akuyar da ake tayawa. Ta yi dariya, ta tambayi irinsa, ta je ta yi shawara, ta dawo ta ce ba komai. Aka kwantar da ni, aka kafe kaina, aka toshe min kunne, gadon ya ja ni ciki.

Ummi, ba wanda ya gaya min wurin ya yi ƙunci haka. Rufin yana dab da hancina, hannuwa a miƙe a gefe, ga farin zane a kaina. Ba sai na faɗa miki abin da Musulmi zai tuna ba. Sai ƙara ta tashi kamar an kunna injin niƙa a cikin kunnena. Na fara salati, na ji numfashina yana guduwa, na kusa matse ɗan ƙwallon da ta ba ni na kira. Sai muryarta ta shigo ta wani wuri, ta ce, "Baba, ina nan, ina ganinka. Kada ka motsa, saura kaɗan." Kin ji maganar da na yi shekara da shekaru ina faɗa wa mutane ta bayan kyamara, ban taɓa sanin haka take da daɗi a kunne ba. Na lafa. In kin sa mutum a ramin nan, don Allah ki riƙa yi masa magana, ko ba ki da abin cewa. Ku kuna bayan gilashi kuna kallon allo, shi kuwa ba shi da kowa a ciki.

Da na koma wurin likita, saurayi ne mai ladabi, ya buɗe hoton a kwamfuta. Ni ban iya karanta cikin kai ba, amma fuska ita ce gonata. Na ga inda girarsa ta tsaya, na ga ya haɗiye yawu, na ga ya ɗora murmushi a kai kamar yadda nake ɗora fensir. Ya ce, "Baba, da wa ka zo?"

Na ce, "Da ƙafata."

Ya ce, "Ba wani babba a gida? Ɗa, ko ƙane?"

Na ce, "Ɗana, ni ne babban, ni ne ƙaramin. Faɗa min."

Ya juya biro a hannu, ya ce, "In sha Allahu da sauƙi. Ga magani ka fara sha, amma ka dawo da wani, kada a daɗe." Ban ji haushinsa ba. Baranda yake nema, ni kuma ba ni da wanda zan tura masa can. Na roƙi faifan, ya ba ni.

Tunda kika tafi gidan ya yi min faɗi. Ina dafa shayi in ga na sauko da kofi biyu. Rediyo nake bari a kunne a ɗakinki don in riƙa jin motsi ta wannan gefen. Shago kuwa kin san yadda ya koma tunda waya ta shigo, sai mai neman fasfo jefi-jefi. Ina zama ina kallon bangon nan na hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, amare da 'yan makaranta da sojoji, wasu na san sun rasu. Shekaranjiya na bincike akwatunan gidan nan kaf ina neman hotona. Na samu naki tun kina rarrafe, na samu na Hajiya har ba adadi. Nawa babu, sai na fasfo da na katin zaɓe, duka biyun kamar an kamo ɓarawo. Ashe wannan faifan shi ne hoton kirki na farko da aka zaunar da ni aka ɗauka.

To ga abin da nake roƙo. Ki duba shi da idon likita, ki kai wa malamanki su ma su duba, sannan ki gaya min da bakin 'yata. In abin cirewa ne, ki ce min ga inda za a je, ga abin da zai iya biyo baya, ko hannu ne ko ido. In kuma ya wuce nan, ki faɗa, ki kuma faɗa min ko watanni ake magana ko fiye, gwargwadon abin da ilimi ya nuna, sauran na Allah ne. Ba tsoro ne babu ba, akwai shi, har ya hana ni cin tuwo. Amma ina da ayyuka. Ina so in je Tudun Jukun wurin gwaggonki tun ina gane hanya. Ina so in bi masu hotunan bangon nan, wanda na san gidansu in kai musu. Akwai waɗanda zan nemi gafararsu, akwai kuma maganganun Hajiya da na tare, waɗanda na tsinta daga baya, ina so in ba ki su ina cikin hankalina.

Na biyu, kada ki ajiye aikin nan. Na san abin da zai fara zuwa ranki ke nan. Ki zo in an sa ranar wani abu, ki nemi izini kamar kowa, ki koma. Na ga daren da kika raba kina karatu kafin ki samu gurbin nan, ba zan so a ce ciwona ne ya cinye shi ba. Malam Tanko na nan, jiya na gaya masa komai, ya yi ta faɗa har ya ɗinke aljihun wani ta ciki. Ya ce daga yau shi zai riƙa raka ni asibiti. Na yarda, da sharaɗin ba zai bi likita baranda ba.

Kina da taushin zuciya irin na mahaifiyarki, kuma hannunki irin nawa ne, ya iya lallashi. Shi ya sa nake jin tsoronki fiye da likitan. Kada ki taya ni ɓoyewa, Ummi. Na ɗanɗana wancan zaman sau ɗaya, ba na so in yi shi da ke ta waya.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan zauna a shago, wayar tana hannun dama, tunda hagun ya daina riƙon amana. Za ki ce, "Baba, ya jiki?" Zan ce, "Da sauƙi," don bakin ya saba, ki bar ni in faɗi abina. Daga nan sai in yi shiru, ke kuma ki faɗi naki.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki. Ya ba ki ido mai gani da harshe mai taushi, ya sa marasa lafiya su samu waraka ta hannunki. Allah ya jiƙan Hajiya, ya haskaka makwancinta, mu kuma ya sa mu cika da imani. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kulle ƙofarki, kada ki bar azkar ɗin safe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Iro Mai Hoto

Na manta ban faɗa miki ba. Yarinyar da ta ɗauka ta ce ban motsa ba ko kaɗan, hoton ya fito tas. Duk abin da ke ciki za ki gan shi.